Garuruwan da Aka Gina da Rubutu: Tarihin Wasannin MUD da Dalilin Ɗorewarsu

Daga cikin wasannin da ake yi ta intanet akwai wani tsohon nau'i wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, domin duk abin da ɗan wasa zai gani a fuskar kwamfutarsa rubutu ne da ke siffanta masa wurin da yake tsaye, da mutanen da ke tare da shi, da hanyoyin da zai iya bi, shi kuma ya mayar da amsa ta hanyar rubuta umarni gajere, kamar ya ce a nufi arewa, ko a ɗauki takobi, ko a gaida wanda ya shigo. Ana kiran wannan nau'i MUD, sunan da ya samo asali daga wasa na farko da aka yi a kan wannan tsari a Ingila. Kowane ɗan wasa yana ƙirƙirar tauraro, wato mutumin ƙage mai suna da sana'a da hali wanda zai riƙa magana da aiki da sunansa, sannan ya shiga duniya guda da wasu mutane da yawa a lokaci ɗaya. Abin da ke jan hankalin mai nazarin tarihin kwamfuta shi ne cewa wasu daga cikin waɗannan wasanni sun haura shekara 30 a buɗe, alhali ɗimbin wasanni masu hoto da aka kashe wa miliyoyin daloli sun zo sun shuɗe, kuma akwai mutanen da suka fara shiga suna ɗaliban jami'a waɗanda har yanzu suke komawa bayan sun yi furfura.

Tushen abin yana cikin shekarun 1970, lokacin da kwamfuta ta kasance na'ura mai cin ɗaki guda wadda jami'o'i da manyan kamfanoni kaɗai ke iya mallaka. Wajen 1975 zuwa 1976 wani masanin manhaja a Amurka mai suna Will Crowther, wanda kuma yake da sha'awar binciken koguna na ƙarƙashin ƙasa, ya rubuta wasan Colossal Cave Adventure bisa taswirar wani sashe na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky, sai Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. A wannan shekarar ce wasu ɗalibai a cibiyar MIT suka soma gina Zork, wanda ya fi fahimtar jimlolin da ake rubuta masa, kuma wanda aka yi wani ɗan lokaci ana kiransa Dungeon. Duka biyun sun ɗebi wani abu daga Dungeons & Dragons, wasan da ya fito a 1974 wanda ake yi a zaune kewaye da tebur, mutum ɗaya yana ba da labari sauran suna faɗin abin da taurarinsu za su yi. Sai dai wasannin kwamfutar nan biyu na mutum ɗaya ne, kuma da zarar ya warware dukkan matsalolin da aka ɗana masa, wasa ya ƙare, babu sauran dalilin komawa.

Wanda ya sauya wannan shi ne Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex da ke garin Colchester, wanda a 1978 ya fara rubuta wasan da mutane da dama za su iya shiga tare a kan kwamfutar jami'ar, samfurin PDP-10. Da ya kammala karatu a 1980 ya miƙa aikin ga abokinsa Richard Bartle, wanda ya gina mafi yawan wuraren da ke cikin duniyar, ya kuma tsara dokokinta. Da yake kwamfutar ta koyarwa da bincike ce, ba a bari mutanen waje su shiga sai daga ƙarfe 2 na dare zuwa safiya, amma duk da haka guraben sukan cika da masu kira ta layin tarho. An rufe wasan na Essex a 1987, ya ci gaba da rayuwa a kamfanin CompuServe na Amurka da sunan British Legends har zuwa 1999.

Abubuwa uku da Trubshaw da Bartle suka dasa a wannan wasa su ne suka zama ginshiƙin da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya, saboda haka ya dace a tsaya a kansu. Na farko, tauraro ba ya ɓacewa idan mai shi ya kashe na'ura, ana adana sunansa da makinsa har ranar da zai dawo, ita kuma duniyar tana ci gaba da gudana ko yana nan ko ba ya nan. Na biyu, akwai asara ta gaske, domin tauraron da aka kashe a faɗa ya tafi ke nan da duk makin da aka yi watanni ana tara masa, abin da ya sa amana da cin amana tsakanin 'yan wasa suka sami nauyi. Na uku, wanda shi ne mafi tasiri, duk wanda ya kai ƙololuwar maki ana ba shi muƙamin masihirci, wato ya tashi daga ɗan wasa ya koma cikin masu kula da duniyar, da ikon ɓuya, da sauya abubuwa, da hukunta masu ɓarna. Bartle ya sha bayyana cewa sun yi haka da gangan, don a samu wurin da matsayin mutum zai dogara ga abin da ya aikata, ba ga gidan da aka haife shi ba, saɓanin abin da suka gani a tsarin aji-aji na Birtaniya.

Daga ƙarshen shekarun 1980 sai nau'in ya rassa cikin sauri, kusan duka a hannun ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka waɗanda suke raba manhajarsu kyauta. Alan Cox, wanda daga baya ya shahara cikin masu gina Linux, ya rubuta AberMUD a Aberystwyth ta yankin Wales a 1987. A 1989 James Aspnes na Jami'ar Carnegie Mellon ya fito da TinyMUD, wanda ya ajiye faɗa da maki gefe ya bar hira da gini, kuma a shekarar ce Lars Pensjö ya ƙirƙiro LPMud a birnin Gothenburg na Suwidin, tare da wani harshen kwamfuta mai sauƙi da ke ba masihirta damar ƙara sababbin wurare ba tare da an tsayar da wasan ba. Wasu ɗalibai biyar na sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kopenhagen suka saki DikuMUD a 1991, kuma saboda sauƙin kafa shi sai ya haifi ɗaruruwan wasanni. Yawan lokacin da ɗalibai ke ɓatawa a ciki ya kai har wasu jami'o'i suka hana yin su a kan na'urorinsu.

A gefe guda kuma akwai layin kasuwanci, wanda kamfanin Simutronics na jihar Missouri ya fi kowa daɗewa a kansa. Wasansa GemStone III ya buɗe a 1990 a kan GEnie, wata hanyar sadarwa mallakar General Electric inda ake biyan kuɗi bisa kowace sa'a da mutum ya yi, ya kuma ƙara DragonRealms a 1996. Lokacin da kamfanin sadarwa na AOL ya koma karɓar kuɗin wata-wata a ƙarshen 1996, tsarin biyan sa'a ya rushe, sai Simutronics ya koma intanet kai tsaye yana karɓar kuɗin rajista daga 'yan wasa. A daidai wannan lokaci ne wasanni masu hoto suka shigo, Ultima Online a 1997, EverQuest a 1999, sannan World of Warcraft a 2004, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tsara su a MUD suka koyi aikin. Raph Koster, jagoran tsara Ultima Online, ya fito ne daga LegendMUD, shi kuwa EverQuest kamanninsa da DikuMUD sun kai har masu shi suka ba da takardar rantsuwa a 2000 cewa ba su kwafi manhajarsa ba. Jama'a suka kwarara zuwa ga hoto, kuma yawancin wasannin rubutu suka mutu shiru.

Waɗanda suka tsira su ne abin nazari, kuma bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne sabo, wanda Hausawa suka ce turken wawa ne. Akwai gaskiya a cikinsa, domin an gina yawancin wasannin ne a kan hawa matakai, kowane mataki ya fi na baya cin lokaci, har wasu irin su Aardwolf, wanda aka buɗe a 1996, suna bari wanda ya kai ƙarshe ya koma farko da ƙarin ƙarfi ya sake hawa. Mutumin da ya zuba shekaru a kan tauraro ɗaya yana jin nauyin barinsa, kuma ba a rasa waɗanda wasan ya ci musu karatu ko aiki ba. Amma wannan bayani bai isa ba, saboda wasanni masu hoto sun gaji tsarin matakan gaba ɗaya, sun ma fi ƙwarewa wajen ɗaure mutum da shi, amma 'yan wasansu sukan watse idan sabon wasa ya fito. Dole ne a nemi abin da rubutu ke bayarwa wanda hoto ba ya bayarwa.

Abu na farko shi ne arhar gini. Idan ana son ƙara kasuwa ko fada a wasa mai hoto, sai an ɗauki masu zane da masu motsa hoto da masu sauti, an biya su na watanni, amma a MUD duk abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya mai iya rubutu ya zauna ya siffanta wurin cikin 'yan sakin layi. Wannan ya sa ƙofar da Bartle ya buɗe ta muƙamin masihirci ba ta taɓa rufewa ba, kuma a kusan dukkan wasannin da suka daɗe tsofaffin 'yan wasa ne ke komawa magina da masu kula, yawancinsu ba tare da albashi ba. Discworld MUD, wanda aka kafa a 1991 bisa littattafan Terry Pratchett, 'yan sa-kai ne suka yi ta gina shi titi bayan titi har birnin da ke cikinsa ya zama wurin da baƙo ke ɓata. BatMUD na ƙasar Finland, wanda ke gudana tun 1990, wata ƙungiya ce mai rajista wadda ba ta neman riba take riƙe da shi. Haka nan kuɗin gudanarwa kaɗan ne ƙwarai, tunda rubutu ba ya cin wuri, kuma ƙaramar kwamfuta ɗaya ta isa ta ɗauki ɗaruruwan mutane. Wasan kamfani yana rufewa ranar da ribarsa ta gaza biyan ma'aikata, shi kuwa wannan ba ya rufewa sai ranar da aka rasa wanda ya damu da shi. Ga kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, wato hoton da aka zana a 1999 yana bayyana tsufansa ga duk mai kallo a yau, amma siffar dajin da aka rubuta da kyau a 1992 tana nan yadda take, domin mai karatu ne ke zana ta a zuciyarsa.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi, shi ne suna. Yawan mutanen da ke cikin MUD a lokaci guda ba ya wuce gommai ko 'yan ɗaruruwa, kuma dukkansu a duniya ɗaya suke, ba a rarraba su kashi-kashi ba kamar yadda manyan wasanni ke yi. A irin wannan taro kowa ya san kowa, kamar dai 'yan unguwa ɗaya masu haɗuwa a dandali guda kowace yamma. An san wanda ya yi ha'inci a ciniki shekara goma da suka wuce, an san wadda take tsayawa ta koya wa baƙi hanya, an san gabar da ke tsakanin wannan ƙungiya da waccan da abin da ya jawo ta. Da yake komai rubutu ne, ana iya adana shi kalma da kalma, saboda haka jawabin da aka yi a wani naɗin sarauta ko rigimar da ta raba wata ƙungiya suna nan a ajiye, ana karanta wa sababbin zuwa. Wanda ya bar irin wannan wuri ya koma wani wasa ya rasa abin da ba a iya ɗauka a tafi da shi, wato mutanen da suka san tarihinsa, kuma wanda ya yi shekara biyar bai leƙo ba yakan tarar da tauraronsa yana nan, ya kuma tarar da wanda zai kira shi da sunansa tun kafin ya ce uffan. Wannan ne ya sa tarihin yawancin tsofaffin 'yan wasa yake cike da tafiya da dawowa.

Bartle ya yi bayanin wani ɓangare na wannan a wata maƙala da ya buga a 1996, inda ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu neman maki da matsayi, da masu son binciko sirrin duniyar da yadda dokokinta ke aiki, da masu zuwa domin hira da zumunci, da masu jin daɗin nuna ƙarfi a kan wasu. An fi tunawa da rabe-raben, amma hujjarsa ta ainihi ita ce kowane gida yana rayuwa ne da sauran, ta yadda idan masu nuna ƙarfi suka yi yawa masu hira za su gudu, idan kuma masu hira suka gudu wurin zai zama kango ko da dokokinsa suna da kyau. Wasan da ya daɗe, a bisa wannan fahimta, shi ne wanda masu kula da shi suka iya riƙe ma'auni tsakanin gidajen huɗu. Abin da za a iya ƙarawa shi ne mutum ɗaya yakan ratsa gidajen a tsawon shekaru, ya shigo yana farautar maki, ya ƙare yana zaune a tsakiyar gari yana hira da tsofaffin abokai ba tare da ya zare takobi ba, kuma wasan rubutu yana da wurin zama ga kowane mataki na wannan tafiya.

Inda mutane suka zauna tare na dogon lokaci kuwa, sai maganar mulki ta taso, kuma LambdaMOO ne misalin da aka fi nazarta. Pavel Curtis ya kafa shi a 1990 a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya, ya tsara ɗakunansa na farko bisa fasalin gidan da yake zaune. A ƙarshen 1992 masihirtan wurin suka sanar cewa sun janye hannu daga sasanta rigingimun jama'a, sai a 1993 wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabarar manhaja ya tilasta wa taurarin wasu aikata abubuwan batsa a bainar jama'a, lamarin da ɗan jarida Julian Dibbell ya rubuta a jaridar Village Voice a ƙarshen shekarar. Muhawarar da ta biyo baya ta kai ga kafa tsarin ƙorafi da ƙuri'a wanda mazauna ke yin doka da shi, sannan a 1996 masihirtan suka dawo da ikonsu na tsoma baki bayan sun ga tsarin bai hana fitina ba. Gwajin bai yi cikakkiyar nasara ba, amma ya nuna cewa mazauna sun ɗauki wurin a matsayin nasu har suna jayayya a kan yadda za a mulke shi. Achaea, wanda Matt Mihaly ya buɗe a 1997, ya mayar da wannan ya zama jigon wasan kansa, inda 'yan wasa ke zaɓen shugabannin birane, suna naɗa ministoci, suna ƙulla yaƙi da sulhu. Shi ne kuma yake cikin na farko da suka bar shiga kyauta suna sayar da kayan cikin wasa da kuɗi na gaske, tsarin da yanzu ya mamaye wasannin waya, wanda kuma har yau ake sukarsa da cewa yana fifita mai kuɗi a kan mai haƙuri.

Akwai wani rukuni da ba za a tsallake ba, wato makafi da masu raunin gani. Manhajar da ke karanta rubutu da murya ba ta iya bayyana abin da ke gudana a wasa mai hoto, amma tana karanta MUD daga farko har ƙarshe, saboda haka makaho yana iya yin faɗa da ciniki da shugabanci daidai da kowa, ba tare da abokan wasansa sun san ba ya gani ba sai idan shi ya faɗa. Wasanni irin su Alter Aeon, wanda ya fara a 1995, da Aardwolf sun tanadi manhajoji na musamman masu rage yawan rubutu da ƙara sautukan gargaɗi domin waɗannan 'yan wasa, waɗanda kuma sukan zama daga cikin mafi riƙon amana, tunda wuraren da ke karɓarsu haka ba su da yawa.

Duk da haka bai kamata a kambama lamarin ba. Abin da ke riƙe tsoho shi ne yake korar baƙo, domin wanda ya shigo yau yana tarar da ɗaruruwan umarni da zai haddace, da rubutu mai gudu a fuskar na'ura, da jama'ar da ta shekara 20 da sanin juna kuma ba kullum take da haƙurin buɗe masa wuri ba. Yawancin wasannin da Ingilishi ake yin su, wanda hakan ke rufe ƙofa ga wanda bai iya karanta shi da sauri ba, ko da yake akwai na Jamusanci da na Sinanci da na wasu harsuna. Da yawa kuma sun rataya ne a wuyan mutum ɗaya ko biyu, ta yadda rashin lafiya ko saɓani tsakanin masu kula ya isa ya rufe duniyar da aka yi shekaru ana ginawa. Waɗanda suka kauce wa wannan su ne waɗanda suka mayar da riƙon wasan hannun ƙungiya ko kamfani, suka kuma ci gaba da ɗaukar sababbin magina daga cikin 'yan wasa. GemStone, wanda aka sauya wa suna zuwa GemStone IV a 2003, yana kan wannan tafarki, har 'yan wasansa sun daɗe suna yin taron shekara-shekara ido da ido a birnin St. Louis. Shi kuwa wasan farko na Trubshaw da Bartle, bayan CompuServe ya rufe shi, wani masanin manhaja mai suna Viktor Toth ya sake rubuta shi a shekarar 2000 domin ya yi aiki a kan na'urorin zamani, aka sake buɗe shi kyauta ga duk mai son shiga.